Murya, Bidiyo ko Rubutu: Da Wanne Za Ka Koyar ta Waya?

Ƙanwata tana da shagon ɗinki a Unguwar Sanusi, tana kuma koya wa 'yan mata da matan aure sana'ar. Da yawansu ba sa samun zuwa kullum. Wata sai ta sauke girkin rana, wata kwana biyu kawai maigida ya amince mata a mako. Shi ya sa ta ƙudurta za ta riƙa tura musu darasi ta waya. Wata Asabar ta same ni a gida ta ce, "Yaya, kai da ka daɗe a wannan harka, ka faɗa min gaskiya. Bidiyo zan riƙa ɗauka, ko murya zan riƙa turawa, ko rubutawa zan yi? Akwai ma wani yaro da ya ce zai haɗa min manhaja tawa ta kaina." Maganar ta kai mu har la'asar. Ita nake so in shimfiɗa a nan, don na san malamai da yawa a garin nan, na boko da na Islamiyya da na sana'a, suna tsaye a wannan mararraba.

Ni lissafi nake koyarwa a wata sakandare cikin Kaduna. Na fara tura darasi ta waya a 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, gwamnatin jiha kuma ta koma koyar da 'yan ajin ƙarshe ta rediyo da talabijin. Abin da na fara yi shi ne na jingina waya a kan kujera, na tsaya gaban allo na yi darasin minti arba'in cur, kamar yadda na saba a aji. WhatsApp ya ƙi ɗauka saboda girmansa, sai na daddatsa shi gida takwas na tura duka a dare ɗaya, na bi shi da PDF mai shafi goma sha biyu. Bayan kwana uku na ji shiru, na kira wata ɗalibata da ke Rigasa, yarinya mai ƙoƙari wadda ba ta wasa da aikin gida. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, biyu kawai na buɗe. Wayar Ummanmu ce, sai bayan Isha'i take ba ni, kuma da na taɓa na uku sai ta ce babu wuri." Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Na sha wahala na shirya darasi, amma wa na shirya wa?

Saboda haka, kafin a kai ga zaɓar murya ko bidiyo, akwai tambayar da ta riga su: wace waya ce darasin zai sauka a cikinta? Mu malamai a kan wayarmu muke shiryawa, a kanta muke dubawa mu ga ya yi kyau. Wayar da ke jiran sa a Rigasa ko Hayin Banki ko Kakuri kuwa galibi Itel ce ko tsohuwar Tecno, fuskarta ta tsage a kusurwa, cikinta maƙare da hotunan biki da karatun malamai da ba wanda zai yarda a goge. Ta uwa ce ko ta yaya, a ara wa ɗalibi na rabin awa. In aka kwana biyu babu wuta, sai an kai ta shagon caji an biya. Data kuma, tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowa ya koma lissafa megabait kamar yadda uwargida ke lissafa mudu.

Wuri na biyu da ke saurin cika shi ne kan ɗalibin kansa. A 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya rubuta cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a kansa lokaci guda ba su wuce bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake bin binciken da aka tara, ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. John Sweller na Ostireliya tun 1988 yake jan hankalin malamai kan abin da wannan ke nufi: hankalin da ɗalibi ya kashe wajen neman inda aka tsaya, ko matso da rubutu da yatsa biyu, ko sauraron kiɗan da aka sa a bayan magana, daga rabon darasi aka yanko shi. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kawuna yana da makarantar allo a Tudun Wada, a can na yi babbaƙu da farfaru. Ban taɓa ganin ya yi wa yaro ƙarin da ya fi ƙarfin zama ɗaya ba. Layi biyu ko uku a allo, yaro ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, ya dawo ya biya. In karatu ya zauna, a wanke a yi ƙari. In bai zauna ba, allon na nan yadda yake har gobe. Da wannan ma'auni nake auna kowace hanya a yau: shin tana bari a ba da kaɗan? Tana bari ɗalibi ya biya? Tana bari malam ya san ko ya zauna kafin ya ƙara?

Saƙon murya

Da shi zan fara, domin shi ne aka fi rainawa, kuma shi na fi dogara da shi. Saƙon murya na minti uku bai cika kaiwa megabait ɗaya ba. Yana sauka ko da sabis na rawa. Ba ya cinye caji, don fuskar waya ba sai ta tsaya tana haske ba. Mace na iya sauraro tana tankaɗe, mai shago na iya sauraro kafin mai saye ya shigo. Wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba bai rasa komai ba, kuma shi ma zai iya maido da amsa da bakinsa, wato ya biya.

Akwai kuma sabo. Mutanen Kaduna da rediyo aka raine su. Gidan rediyon da ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna tun 1962 yake magana da Arewa, kuma Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989 mai hedikwata a garin nan, ta daɗe tana amfani da rediyo don isa ga Fulani a rugage. Kunnenmu ya iya ɗaukar ilimi, ba sai an koya masa ba. In ɗalibi ya ji muryar malamin da ya sani, da irin tsayawarsa da irin nanatawarsa, yakan ji kamar da shi kaɗai ake.

Sai dai murya na da rauni babba: magana wucewa take yi. Rubutu yana tsayawa ya jira ka, jimlar da aka faɗa kuwa ta tafi, ta biyu ta hau kanta. In ka karanta wa yaro lissafi mai mataki biyar da baki, kafin ka kai na huɗu lambobin na farko sun zube daga kansa. Ba a kuma iya laluben saƙon murya. Bayan mako biyu ɗalibi zai ga saƙonni goma sha biyar masu kama ɗaya, bai san wanne ne ke bayanin sujadar ƙabli da ba'adi ba, sai ya haƙura.

Rauni na uku daga wajenmu yake. Bahaushe in ya danna maɓallin ɗaukar murya sai ya yi sallama, ya gaida kowa, ya tambayi gida da yara da gajiya, ya ba da uzurin jinkiri, minti ɗaya da rabi ya tafi ba a taɓa darasi ba. Gaisuwa tarbiyya ce, ban ce a bar ta ba. A yi sallama a jimla ɗaya, a faɗi abin da za a koya, a shiga. Ni yanzu ba na ɗaukar murya sai na rubuta kanun magana uku a takarda a gabana, kuma in na ga saƙo ya haura minti uku, na san abu biyu na cusa a ciki, sai in raba. Bisa kowane saƙo ina sa layi ɗaya na rubutu mai faɗin lambarsa da abin da ya ƙunsa, don mai nema ya samu. Ina kuma ɗauka ne bayan sallar Asuba, kafin janareton maƙwabta da Keke Napep su tashi.

Inda murya ta fi kowace hanya: karatun Alƙur'ani da tajwidi, furucin Turanci ko Larabci, bayanin fiƙihu, tarihi, gyaran kuskuren ɗalibi ɗaya, da ƙarfafa gwiwar wanda ya fara sanyi. Inda ba ta isa ita kaɗai ba: duk abin da ke da lambobi, zane, ko siffa. A nan sai a haɗa ta da hoto guda, malam yana cewa "dubi layi na biyu", ido na kan takarda kunne na kan bayani.

Bidiyo

Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma sai in akwai abin gani. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: in na rufe ido na saurari wannan bidiyo, na yi asarar wani abu? In ban yi ba, to murya ce na sa mata tsada. Malam zaune a kujera yana bayani minti goma, ba abin da ke motsi sai leɓensa, wannan bai cancanci datar ɗalibi ba.

Ga lissafin. Bidiyon minti uku zuwa huɗu, ko bayan WhatsApp ya matse shi, yakan kai megabait 20. Darasi biyar a mako, megabait 100 ke nan, 400 a wata, na fanni ɗaya tak. Mai shirin WAEC fanni takwas ko tara yake ɗauka. In kowane malami ya yi haka, ana maganar fiye da gigabait uku a wata, a wayar da uwa ke sa mata data don gaisawa da dangi. Da murya da hoto, duk wannan ba zai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Amma akwai darasin da motsin hannu shi ne ilimin. Yadda ake karkata almakashi wajen yankan hammatar riga. Yadda ake zura zare a keke har ya fito ta allura. Yadda ake kafa kamfas a zana kusurwa mai digiri 60. Yadda ruwa ke sauya launi a gwajin kimiyya. Yadda ake shafar kai da kunnuwa a alwala. Waɗannan ko ka yi awa kana kwatance da baki, daƙiƙa talatin na gani sun fi. A nan bidiyo ba shi da abokin takara, kuma kuɗinsa ya halatta.

Tsawonsa fa? A 2014 Philip Guo da abokan aikinsa sun bi diddigin kallon bidiyo sau miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX. Sun gano cewa komai tsawon bidiyo, yawancin masu kallo ba sa wuce kimanin minti shida. Sun kuma ga cewa bidiyon da ake ganin rubutu na fitowa a hankali yayin da malami ke bayani ya fi riƙe mutane a kan wanda aka jera shafuka ana karantawa. Waɗannan fa manya ne da suka kai kansu karatu, galibi a kan kwamfuta. Yaron da ke riƙe da wayar aro, ƙanne na leƙe ta kafaɗarsa, saƙonni na faɗowa ta sama, ni minti uku nake ba shi.

Sai a kula da bambanci tsakanin gajarta darasi da daddatsa shi. Abin da na yi a 2020 daddatsawa ce: kowane yanki ya fara a tsakiyar jimla ya ƙare a tsakiyar lissafi, ba a fahimtar na uku sai an riƙe na biyu a kai. Gajeren darasi na gaskiya yana da farkonsa da ƙarshensa, abu ɗaya yake koyarwa, wanda ya kalle shi shi kaɗai ya tashi da wani abu a hannu.

Wajen ɗauka, a kai kyamara kan hannu da takarda, ko kan yadi da almakashi. Allon aji in aka ɗauke shi daga nesa, rubutun alli yakan koma kamar tururuwa a fuskar waya. Farar takarda, baƙar maka mai kauri, layi huɗu ko biyar, hasken taga daga gefe, sun wadatar. Ban da kiɗa, ban da tambarin da ke juyawa daƙiƙa goma sha biyar kafin a fara. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya shafe shekaru yana gwada irin waɗannan abubuwa, kuma cikin abin da ya tabbatar akwai cewa ƙawa marar alaƙa da darasi tana rage fahimta, haka nan in ana nuna zane ana bayani da baki sannan aka sake rubuta duk bayanin a fuska, ido kan rasa wanda zai bi. Sai dai a wajenmu akwai togiya mai muhimmanci. Muna bayani da Hausa, jarrabawa kuma da Turanci take zuwa. Don haka kalmar fannin, ita kaɗai, dole ɗalibi ya gan ta a rubuce daidai lokacin da ake furta ta, in ba haka ba zai gane darasi ya kasa gane tambaya a zauren jarrabawa.

Wata dabara da ke rage tsadar bidiyo: in ɗalibai na haɗuwa da malami ko sau ɗaya a mako, a tura musu ta Xender ko a zuba a katin memori, ba a taɓa data ba. Amma a sa wa kowane fayil lamba da suna, kuma a gaya musu wanda za su buɗe yau. Bidiyo ashirin da aka zuba wa mutum a rana ɗaya ba tare da jagora ba, tsoro suke ba shi.

Rubutu, da matsalar PDF

Rubutu shi ne mafi araha, shi ne kuma ke jiran ɗalibi. Yana iya komawa baya, ya tsaya, ya kwafa a littafi, ya nemo kalma bayan wata guda. Ƙa'ida, ma'anar kalma, awon jiki, jerin matakai, duk gidansu rubutu ne.

Matsalar ita ce yawancinmu in mun ce rubutu, PDF muke nufi, wanda aka tsara don takardar A4. Faɗin A4 santimita 21 ne, faɗin fuskar waya kuwa wajen 7. Shafin zai ƙanƙance sau uku, sai ɗalibi ya buɗa shi da yatsa, ya ja dama ya karanta rabin layi, ya ja hagu ya nemi farkon na gaba, ya ɓace. Kafin ya gama sakin layi ɗaya ya gaji, alhali bai fara tunanin abin da aka rubuta ba. Hoton littafin malami da aka ɗauka a karkace cikin duhu ya fi wannan ma muni.

In don waya ne, a rubuta kai tsaye cikin saƙo, inda layi ke lanƙwasawa daidai faɗin kowace fuska. Abin da zai cika fuska ɗaya ba tare da an ja ƙasa ba, shi ne awon ƙari ɗaya. PDF kuma a bar shi a matsayin rumbu: a tara darussan wata a ciki, mai hali ya kai shagon buga takardu a fitar masa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke kan hanyar Zariya, tun 1976 take horar da malamai daga nesa, kuma ƙashin bayan aikinta littattafai ne da aka rarraba kashi-kashi, da tambayoyin gwada kai a ciki. Takarda ba ta neman caji, kuma ba saƙon da ke faɗowa a kanta.

Abu ɗaya da ke ci min rai: haruffa masu ƙugiya. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Mai koyon karatu in aka cire masa ƙugiya an ɗora masa aikin canka a kan aikin karatu. Gboard, madannin rubutun waya na Google, yana da na Hausa, kyauta ne. Sai dai wasu salon haruffa na ƙawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sukan fito da akwati a gurbinsu, don haka a gwada a wata tsohuwar waya kafin a tura.

Manhaja da tabilet

A kan manhaja ban ja wa ƙanwata magana ba. Na ce ta gode wa yaron, ta bar shi. Sabuwar manhaja na neman wuri a wayar da ba wuri, tana neman imel da kalmar sirri da ɗaliba za ta manta, tana neman sabuntawa, kuma ranar da wanda ya haɗa ta ya tafi bautar ƙasa, shi ke nan. WhatsApp kuwa yana cikin wayar tun tuni, kowa ya iya shi.

Inda manhaja ke da gaskiya shi ne atisaye mai yawa da ke son maki nan take. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaron da bai saba zaɓar amsa a fuska agogo na gudu ba yana shiga da rauni. Makarantar da ke son wannan ba sai ta gina tata ba. Akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da UNICEF a 2022, akwai kuma Kolibri, wadda aka yi ta musamman don aiki ba tare da intanet ba.

Ƙaramar kwamfutar hannu da ake ce wa tabilet tana gyara wasu matsalolin waya. Zane da bayaninsa suna zama a fuska ɗaya, PDF yana karantuwa, yara biyu ko uku na iya haɗa kai a kanta, ƙaramin yaro na iya bin harafi da yatsa. Amma kayan makaranta ce fiye da kayan gida: tana son wurin caji tabbatacce, da kabad mai makulli, da wanda zai gyara in ta faɗi. Ga wanda ke tsara mata darasi, faɗin fuska jarrabawa ce gare shi, domin yakan ji dole sai ya cika ta. Kan yaron da ke kallon tabilet bai fi na mai kallon waya faɗi ba. In kuma ba ka tabbatar da abin da ɗalibanka ke riƙe da shi ba, tsara wa ƙaramar waya. Abin da ya karantu a kanta zai karantu a babba.

Yadda darasi ɗaya yake fita a wajena yanzu

Ɗauki darasin riba cikin ɗari. Da ƙarfe takwas na dare, bayan Isha'i, lokacin da na san wayoyi sun koma hannun yara, saƙo uku ne ke shiga. Na farko hoto: farar takarda, layi huɗu da maka. An sayo kaya ₦8,000, an sayar ₦10,000, riba ₦2,000, sai 2,000 bisa 8,000 sau 100, amsa 25. Kalmomin Turancin da za su gani a jarrabawa suna rubuce a gefen kowace lamba. Na biyu murya ta minti biyu, ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa a na huɗu in nanata cewa da kuɗin saye ake rabawa. Na san rabin aji za su raba da kuɗin sayarwa su sami 20, shi ya sa nake tare su a nan. Na uku tambaya ɗaya: mai kayan miya ta saro tumatir ₦5,000 ta sayar ₦6,000, ribarta kashi nawa ce? A rubuta a takarda, a ɗauki hoto, a turo min ni kaɗai.

Wannan tambaya ita ce biyawa, kuma na fi ba ta muhimmanci a kan hoton da muryar. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa riƙe shi bayan mako guda. Tun 1885 kuma Hermann Ebbinghaus a Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a farkon lokaci bayan koyo. Shi ya sa ranar Alhamis ba na ƙari. Tambaya biyu nake turawa, ɗaya daga darasin Litinin, ɗaya daga na makon jiya, irin muraja'ar da 'yan Islamiyya suka sani.

Zauren ma sai an tsare shi, in ba haka ba darasi zai nitse ƙarƙashin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure. Zaure biyu nake buɗewa: ɗaya ni kaɗai ke iya turawa, darasi zalla ne a jere, ɗaya na tambaya da hira. WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024 a zaure guda, amma malami ɗaya ba zai iya duba amsar ko da ɗari a dare ba. In sun wuce arba'in, na nemi mataimaki ko na raba su.

To wanne za ka zaɓa? In abin da kake koyarwa ji ne da furuci da fahimta, murya, da layi ɗaya na rubutu a samanta. In lambobi ne ko ƙa'idoji, hoto guda mai manyan haruffa da murya mai bin sa. In aikin hannu ne, gajeren bidiyo na hannun, sauran bayani a koma murya. In ɗalibanka sun iya karatu sosai, kamar 'yan Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko Kaduna Polytechnic, ƙara rabon rubutu, domin sun fi saurin karantawa a kan sauraro. Manhaja da tabilet kuwa sai makarantar da ke da wuta da ma'aji da mai kula.

Ƙanwata ta tsaya a kan bidiyo biyu a mako, kowanne bai wuce minti biyu ba. Ta ɗaura wayar a jikin ƙusa bisa teburin yanka, ba a ganin komai sai yadi da alli da hannunta. Tana zuba musu ta Xender ranar da suka zo shago. Awo tana rubuta shi cikin saƙo, gyara kuma da murya, kowace ɗaliba ita kaɗai, don wata ba ta son a faɗi kuskurenta a gaban jama'a. Makon jiya ta nuna min hoton da wata matar aure daga Badarawa ta turo mata: hannun riga ne da ta yanka a takardar buhun siminti, an shimfiɗa shi a kan tabarma, ta dafe gefensa da kofi don kada iska ta ɗauka. A ƙarƙashinsa akwai saƙon murya na daƙiƙa tara: "Anti, ga shi na yi. Ki duba min hammatar, kamar ta yi zurfi."